DA WANE SUNA ZA MU KIRA MASU FAƊA? Darasi kan harshen sulhu, da misalin yaƙin Sudan



Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu harshe, Ya kuma sanya masu rubuta abin da harshen yake furtawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

'Yan uwa, darasinmu na yau a kan suna ne. Idan mutanen ƙasa ɗaya, masu alƙibla ɗaya, suka ɗauki makami a kan junansu, kai da kake ba da labari, ko kake sharhi, ko kake son shiga tsakani, da wane suna za ka kira kowane ɓangare? Wani zai ga kamar ƙaramar magana ce. To wallahi akwai zaman sulhun da ya lalace tun ba a zauna ba saboda sunan da aka rubuta a takardar gayyata, akwai kuma bayin Allah da aka kashe saboda laƙabin da aka manna musu. Don haka malamai ba su ɗauki wannan babi da wasa ba, mu ma bai kamata mu ɗauke shi da wasa ba.

YADDA SUNAYE SUKE YAƘI A SUDAN

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdulfattah al-Burhan da dakarun RSF ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti. Kafin ranar, Hemedti shi ne mataimakin Burhan a majalisar mulkin ƙasa. Tare suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya ranar 25 ga Oktoba 2021. Daga cikin abin da ya raba su akwai batun shigar da RSF cikin rundunar soja: soja suna cewa a gama cikin shekara biyu, RSF suna cewa sai shekara goma. Daga wannan rana zuwa yau fiye da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu, kuma a watan Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin Zamzam da ke Darfur.

Abin ya shafe mu ta fuskoki da yawa. Musulmi ne 'yan uwanmu. Akwai Hausawa masu yawa a Sudan, jikokin mahajjata da jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu shaida ne. Ɗalibanmu da ke karatu a Khartum da ƙyar aka kwaso su a farkon yaƙin.

Yanzu saurari yadda kowane ɓangare yake kiran ɗaya. A bakin soja da magoya bayansu, RSF sunanta "milishiya mutamarrida", wato 'yan bindiga masu tawaye, ko "Janjawid", sunan mayaƙan da suka yi ta'asa a Darfur tun 2003, waɗanda daga cikinsu ne gwamnatin Umar al-Bashir ta kafa RSF a 2013. A bakin RSF kuwa, abokan faɗansu "fulul" ne, wato gyauron tsohuwar gwamnati, ko "kizan", laƙabin da 'yan Sudan suke yi wa 'yan harkar Musulunci na zamanin Bashir. Shi kansa yaƙin, soja suna kiransa "yaƙin karama", yaƙin kare mutunci. Farar hula ma ba su tsira ba: wanda ya ce a daina yaƙi sai a ce ɗan koren RSF ne, wanda ya ce yana bayan sojan ƙasarsa sai a ce koz ne.

Ka lura, kowace kalma a nan hukunci ce da aka naɗe cikin suna. Da ka ce "ɗan tawaye" ka riga ka yanke cewa ɗayan shi ne halastaccen shugaba. Da ka ce "fulul" ka riga ka yanke cewa sojan nan ba na ƙasa ba ne, na wata jam'iyya ne. Mai shiga tsakani da ya ɗauki ɗaya daga cikin kalmomin nan ya gama shari'a tun bai ji ta bakin kowa ba, kuma ɗaya ɓangaren ba zai sake zama a gabansa ba.

ASALIN MAS'ALAR A SURATUL HUJURAT

Aya ta 9 a Suratul Hujurat ita ce uwar wannan babi. Ma'anarta a taƙaice: idan ƙungiyoyi biyu na muminai suka yaƙi juna, a sulhunta su; idan ɗaya ta yi zalunci ta ƙi, a yaƙe ta har ta dawo ga umarnin Allah; idan ta dawo, a sulhunta su da adalci. A duba abubuwa uku a nan.

Na farko, kalmar da Allah Ya zaɓa ita ce "ɗa'ifatani", ƙungiyoyi biyu. Suna ne da ba ya ɗaga kowa, ba ya ƙasƙanta kowa. Kuma Ya ce dukkansu daga muminai suke, alhali takubba suna hannunsu. Imamul Bukhari a Kitabul Iman ya kafa hujja da wannan aya cewa faɗa tsakanin Musulmi, duk girman zunubinsa, ba ya fitar da mutum daga imani.

Na biyu, siffar "bagyu", wato ƙetare iyaka, ba ta zo ba sai a mataki na biyu, bayan an gwada sulhu an ga wanda ya ƙi. Kuma ta zo ne da fi'ili, aiki ne da ƙungiyar ta aikata, wanda za ta iya bari. Shi ya sa ayar ta buɗe mata ƙofar dawowa, kuma idan ta dawo ba a ce a wulaƙanta ta ba, aka ce a yi mata adalci.

Na uku, dubi maƙwabtan ayar. Aya ta 6 ta yi umarni da bincika labari kafin a yi aiki da shi. Aya ta 10 ta tabbatar da 'yan uwantakar muminai. Aya ta 11 ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba. Aya ta 12 ta hana mummunan zato da bin diddigi da giba. Ka ga an kewaye ayar yaƙi da ayoyin harshe gaba da baya. Wannan jeri yana koya mana cewa fitina da labari take farawa, kuma laƙabi ne yake hura ta.

DARASIN HUDAIBIYYA

A watan Zulƙida na shekara ta 6 bayan hijira, Manzon Allah (S.A.W) ya fito Umra da sahabbai kimanin 1,400, Ƙuraishawa suka tare hanya. Da aka zo rubuta yarjejeniya, wakilinsu Suhailu ɗan Amru ya ja a wurare biyu, kuma dukkansu a kan lafazi ne. Ya ƙi a buɗe takardar da sunan Ar-Rahman, ya ce a rubuta irin buɗewar da Larabawa suka saba. Annabi (S.A.W) ya yarda. Sannan ya ƙi a rubuta "Manzon Allah" bayan sunan Annabi, hujjarsa ita ce da sun yarda shi Manzo ne ai da ba su yaƙe shi ba. A rubuta Muhammadu ɗan Abdullahi kawai. Sayyidina Ali (R.A), wanda shi ne marubucin, ya kasa goge kalmar da hannunsa saboda girmanta a zuciyarsa. Annabi (S.A.W) ya sa aka nuna masa wurin, ya goge da kansa.

Ku tsaya ku yi tunani a nan. Babu gaskiyar da ta kai manzancin Annabi (S.A.W) tabbata. Amma ya yarda a cire ta daga takardar, domin takardar sulhu ta mutum biyu ce, dole kowa ya iya sa hannu a kanta ba tare da ya ƙaryata kansa ba. "Muhammadu ɗan Abdullahi" gaskiya ce da Musulmi da mushriki suka haɗu a kanta. Annabi bai rubuta ƙarya ba, bai kuma janye da'awarsa ba; a wurin ma ya faɗa da bakinsa cewa shi Manzon Allah ne ko sun ƙaryata shi. Abin da ya bari shi ne tilasta wa abokin gaba ya amince da ita a rubuce kafin a ajiye makami.

Abin ya yi wa sahabbai nauyi, har Sayyidina Umar (R.A) ya kasa haƙuri ya je yana tambaya. Amma Allah Ya saukar da Suratul Fat'hi Ya kira wannan sulhu buɗi bayyananne. Mutane suka sami aminci suka cakuɗa, suka ji Alƙur'ani, suka yi ta shiga Musulunci. Ba a cika shekara biyu ba, a Ramadan na shekara ta 8, Annabi (S.A.W) ya shiga Makka da mutum 10,000. Shi kansa Suhailu ya musulunta, ya kyautata Musuluncinsa.

Irin wannan hikima ce a wasiƙar Annabi (S.A.W) zuwa ga Hiraƙla. Ya kira shi "Azimur Rum", babban Rumawa. Imamun Nawawi ya yi bayani a sharhin Sahihu Muslim cewa bai kira shi sarki ba don kada ya tabbatar masa da mulkin da shari'a ba ta tabbatar ba, bai kuma kira shi da gundarin sunansa kawai ba don kada ya zama rashin ladabi. Ya samo lafazin da yake gaskiya, mai mutunci, wanda ba ya ɗauke da hukunci. Wannan shi ne abin da masu diflomasiyya suke kwana suna nema a yau.

SIFFIN DA MUNAZARAR IBN ABBAS

Bayan shekara talatin da ɗoriya, a shekara ta 37, abin ya maimaitu, wannan karon tsakanin Musulmi da Musulmi. Da aka zo rubuta takardar tahkimi bayan yaƙin Siffin, mutanen Sham suka ƙi a rubuta "Amirul Muminina" a gaban sunan Ali (R.A), tunda halifancin nasa yana cikin abin da ake jayayya a kai. Ali ya tuna Hudaibiyya, ya yarda aka goge.

Su wa suka ɗauki wannan a matsayin laifi? Khawarij. Cikin abubuwa uku da suka riƙe a kan Ali har da wannan: wai tunda ya goge sunansa daga shugabancin muminai, to ya zama shugaban kafirai ke nan. Abdullahi ɗan Abbas (R.A) ya je har sansaninsu ya yi munazara da su, ya kawo musu ƙissar Hudaibiyya, ya nuna musu cewa goge kalma daga takarda bai cire Annabi daga annabci ba, kuma Annabi ya fi Ali. Da yawa daga cikinsu suka tuba suka dawo. To 'yan uwa, ganin cewa duk sassaucin lafazi sayar da gaskiya ne, ku san daga inda wannan tunani ya samo asali.

Dubi kuma harshen Ali a kan waɗanda suka yaƙe shi. An tambaye shi game da mutanen Raƙumi, ya kore musu shirka, ya kore musu munafunci, ya ce 'yan uwa ne da suka yi musu bagyu. Masu tarihi sun kawo cewa a lokacin Siffin ya ji wasu mutanensa suna zagin mutanen Sham, ya hana su, ya nuna musu cewa siffanta abin da aka aikata ya fi zagi, kuma ya fi kyau su roƙi Allah Ya kare jinin ɓangarorin biyu. Annabi (S.A.W) da kansa ya ba da labarin cewa ƙungiya mai bagyu ce za ta kashe Ammar (R.A), kuma shi ne ya ba da labarin cewa Allah zai sulhunta manyan ƙungiyoyi biyu na Musulmi ta hannun jikansa Hasan (R.A), abin da ya tabbata a shekara ta 41. Ga bayanin wanda ya yi kuskure, ga kuma sunan Musulunci bai faɗi daga kan kowa ba. Ahlus Sunna sun tafi a kan cewa Ali ne ya fi kusa da gaskiya, kuma suna kame bakinsu daga zagin kowa a cikin sahabbai.

A kula, ban kwatanta janar-janar ɗin Sudan da sahabbai ba, Allah Ya kiyaye. Sahabbai mujtahidai ne masu neman gaskiya. Abin da muke ɗauka shi ne ƙa'idar lafazi: idan Ali, wanda gaskiya take tare da shi, ya yarda ya ajiye laƙabinsa don a tsayar da jini, waye kuma zai ce laƙabinsa ya fi jinin mutane tsada?

YADDA MASU SHIGA TSAKANI SUKE YI A YAU

Yarjejeniyoyin Jeniba guda huɗu na 1949 suna da wata sadara ta 3 da ta zo iri ɗaya a cikinsu duka, wadda ta shafi yaƙin cikin gida. Ba ta ce gwamnati da 'yan tawaye ba, ta ce ɓangarorin rikici. Ta ɗora wa kowane ɓangare haƙƙin kare wanda ba ya yaƙi, da wanda ya ajiye makami, da mai rauni, da kamamme. Sannan ta rufe da cewa aiki da ita ba ya canza matsayin kowane ɓangare a doka. Dalili? Gwamnatoci suna tsoron kada zama da masu ɗauke da makami ya zama amincewa da su. Sai aka cire musu wannan tsoro don a ceci rayuka.

Haka aka yi a Jidda ranar 11 ga Mayu 2023, lokacin da Saudiyya da Amurka suka sa wakilan soja da na RSF suka sa hannu kan alƙawarin kare farar hula. An kira kowa da sunansa na hukuma, babu milishiya babu fulul, aka kuma rubuta cewa sa hannun ba zai taɓa matsayin kowa na doka ko na siyasa ba. Ba a cika alƙawarin ba, wannan gaskiya ne, amma har yau shi ne takardar da ake komawa a ce wa kowannensu: ga abin da ka sa wa hannu.

A watan Agustan 2024 kuma aka kira zama a Suwizalan, soja suka ƙi zuwa. Daga cikin abin da aka kasa daidaitawa har da wannan: tawagar da za ta zo, ta rundunar soja ce ko ta gwamnatin Sudan? Idan ta soja ce, an mai da su daidai da RSF, runduna da runduna. Idan ta gwamnati ce, an tabbatar musu da halascin da RSF take musu. Ka ga rigimar Suhailu da ta Siffin ta dawo da sabuwar riga.

Wani misali mai ban mamaki shi ne yarjejeniyar Doha ta 29 ga Fabrairu 2020 tsakanin Amurka da Taliban. Taliban sun dage sai an kira su Masarautar Musulunci ta Afganistan, Amurka ta ce ba ta san wannan ƙasa ba. Sai aka haɗa duka a jimla ɗaya: aka rubuta sunan da suke so, aka biyo da cewa Amurka ba ta amince da ita a matsayin ƙasa ba kuma an san ta da Taliban. Aka yi ta maimaita wannan doguwar jimla a cikin takardar. Tana da nauyi a baki, amma kowa ya sa hannu bai ƙaryata kansa ba.

SHUBUHA: WANNAN BA ƁOYE GASKIYA BA NE?

Na san wani zai ce: Malam, ana kashe mutane, ana keta haddin mata, kai kana koya mana ladabin kiran suna? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma tana da gaskiya a cikinta, domin lafazin tsaka-tsaki yana iya zama mafakar matsorata.

A Ruwanda a 1994, cikin kimanin kwana 100 aka kashe mutum wajen 800,000, mafi yawansu 'yan Tutsi. Ƙasar ta koya wa duniya darasi biyu masu kishiyantar juna. Gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran Tutsi "inyenzi", wato kyankyasai, har kashe su ya zama kamar share ɗaki. A 2003 kotun duniya ta ɗaure wasu jagororin waɗannan kafafe. Wannan sharrin mummunan laƙabi ke nan. A ɗaya gefen, jami'an Amurka suka yi ta kauce wa kalmar kisan ƙare dangi makonni ana yanka mutane, don kada kalmar ta ɗora musu nauyin yin wani abu. Wannan kuma sharrin tausasa lafazi ne a inda ba wurinsa ba.

Haka a Myanmar. Kwamitin da Kofi Annan ya jagoranta kan jihar Rakhine ya guji kalmar "Rohingya" da kalmar "Bengali" duka biyun, ya ce Musulmin Rakhine, bisa buƙatar Aung San Suu Kyi. A ido kamar adalci ne. Amma Rohingya suna ne da mutanen suke kiran kansu da shi, Bengali kuwa suna ne da ake jifansu da shi don a ce baƙi ne. Daidaita su biyun ya fi yi wa mai ƙarfi daɗi. An miƙa rahoton a Agustan 2017, kuma a watannin da suka biyo baya fiye da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash.

To ina mafita? Mafita ita ce a raba suna da aiki. Ana tsaka-tsaki a sunan ɓangare, ba a tsaka-tsaki a siffanta laifi. Ka ce "dakarun RSF", sannan ka faɗi ƙarara cewa su da mayaƙan da ke tare da su sun yi wa ƙabilar Masalit kisan gilla a Al-Junaina a 2023, an kashe gwamnan Darfur ta Yamma Khamis Abakar a watan Yuni na shekarar jim kaɗan bayan ya zarge su a talabijin, kuma a Janairun 2025 Amurka ta ayyana abin da suka yi a Darfur a matsayin kisan ƙare dangi. Ka ce "sojojin Sudan", sannan ka faɗi cewa jiragensu sun jefa bama-bamai a kasuwanni da unguwanni, kuma bayan sun karɓe Wad Madani a Janairun 2025 an kai wa mazauna ƙauyukan leburorin gona hari a jihar Jazira bisa zargin haɗin baki da RSF. Faɗin duka biyun ba ya nufin laifukan nauyinsu ɗaya. Idan na wani ya fi yawa ko ya fi muni, a faɗi haka da hujja. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar mutane ta kai mu ga rashin adalci, aya ta 135 a Suratun Nisa'i kuma ta wajabta shaidar gaskiya ko a kan kai ne ko dangi. Musulmi yana riƙe su biyun tare.

Sannan a san cewa matsayi ya bambanta. Akwai alƙali, aikinsa ya ce wane ne mai laifi. Akwai shaida, aikinsa ya faɗi abin da ya gani ba ragi ba ƙari. Akwai mai sulhu, aikinsa ya riƙe ƙofa a buɗe, kuma shari'a ta yi masa rangwamen da ba ta yi wa waɗancan ba: hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba (R.A) ya nuna cewa wanda yake isar da alheri tsakanin masu gaba don ya gyara ba a lissafa shi maƙaryaci. Wanda aka kashe wa ɗa kuwa, ba a ce masa ya yi maganar jakada ba. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Kuskurenmu a nan shi ne kowa ya mai da kansa alƙali, alhali ko matsayin shaida bai kai ba, bidiyon daƙiƙa talatin kawai ya gani.

ƘA'IDOJI GA MAI RUBUTU DA MAI SHARHI

1. Kira kowane ɓangare da sunan da aka san shi da shi, wanda shi ma zai amsa. Idan sunan da ya ba kansa yana ɗauke da da'awar da ba ka yarda da ita ba, ka ce "masu kiran kansu kaza", ko ka nemo lafazi na gaskiya kamar yadda aka yi wa Hiraƙla.

2. Laƙabin da ɓangare ya ƙirƙira don ya jefi ɗaya, bar masa kayansa. Idan dole ka kawo shi, jingina shi ga mai shi. Allah Ya hana sahabbai kalmar "ra'ina" a aya ta 104 ta Baƙara duk da niyyarsu mai kyau ce, saboda wasu suna amfani da ita don cutarwa. Kyakkyawar niyyarka ba ta wanke kalmar da aka riga aka ɓata.

3. Auna fi'ilanka da mudu ɗaya. Kada mutanen wannan su zama "an kashe su", na wancan su zama "sun mutu" kamar zazzaɓi ne ya ɗauke su. Kada wannan ya "'yantar" da gari, wancan ya "mamaye". Ka ce ya karɓe iko da gari, ka bar mai karatu ya ga abin da ya biyo baya. Kalmomi irin su "an sheƙe su" da "an aika su lahira" ba sa dacewa da bakin mumini a kan mai cewa la'ilaha illallah.

4. Kada ka raba Aljanna da wuta. Bukhari ya ƙulla babi a kan cewa ba a yanke wa wani mutum shahada kai tsaye. Yi wa mamaci addu'a, ka bar hukuncinsa ga Mai shi.

5. Kada ka ɗora laifin mayaƙa a kan ƙabila. Masu cewa yaƙin Sudan na Larabawa da baƙaƙe ne kawai, su sani cewa ƙungiyoyin Darfur na Minni Minnawi da Jibril Ibrahim suna yaƙi tare da soja, ƙungiyar Abdul'aziz al-Hilu ta tsaunukan Nuba kuma ta ƙulla ƙawance da RSF a 2025. Ranar da wani Muhajiri da wani Ba'ansare suka yi faɗa kowa ya kira mutanensa, Annabi (S.A.W) ya kira wannan kiran jahiliyya, ya siffanta shi da wari.

6. Kiyayi kalmar da take cire mutum daga mutuntaka ko daga Musulunci. Kyankyaso, ƙwaro, kafiri, munafuki, ɗan leƙen asiri: a lokacin yaƙi waɗannan kalmomi izinin kisa ne. Kai ka rubuta ka kwanta barci, wani kuma a shingen bincike zai biya da ransa.

7. Gwada rubutunka kafin ka sake shi: da uwar wani da aka kashe daga wancan ɓangaren za ta karanta, za ta ce ka yi ƙarya ko ka yi izgili? Idan zafin gaskiya kawai za ta ji, sake shi. Idan izgili za ta gani, goge.

Wanda yake ganin wannan rauni ne, ya karanta aya ta 24 da ta 25 a Suratu Saba'i. An umarci Annabi (S.A.W), wanda ba ya shakkar gaskiyarsa, ya gaya wa mushrikai cewa tsakaninsa da su ɗaya yana kan shiriya ɗaya yana cikin ɓata, ba tare da ya ambaci wane ne ba. Sannan aka jingina kalmar laifi ga ɓangaren masu magana, aka jingina kalmar aiki kawai ga abokan jayayya. Malaman balaga suna kawo wannan a matsayin ƙololuwar insafi a magana. An kuma umarci Annabi Musa da Haruna (A.S) su yi wa Fir'auna magana mai taushi, kamar yadda ya zo a aya ta 44 ta Suratu Ɗaha. Kai ba ka kai Musa ba, wanda kake zagi kuma bai kai Fir'auna ba.

Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. Yaƙin nan zai ƙare wata rana da izinin Allah, kuma mutanen Umdurman da na Niyala za su koma kasuwa ɗaya da sahu ɗaya. Sunayen da aka jefi juna da su sukan daɗe fiye da harsashi, 'ya'ya su gada. Kada a samu namu a ciki.

Allah Ya kashe wutar fitina a Sudan da sauran ƙasashen Musulmi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba masu rauni lafiya, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu cikin aminci. Allah Ya saka wa duk wanda aka zalunta, Ya shiryi azzalumi ko Ya kama hannunsa. Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga jinin Musulmi.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.